Tulun Malam Kyari

Ba a daɗewa sai wani saurayi ya shigo zaurena da takardar digiri a cikin leda, ya ce in ba shi aji ya riƙe. In na tambaye shi me ya iya, sai ya ɗaga waya ya ce komai yana ciki. Wani ma cewa ya yi, "Baba, ai lesin ɗin Turanci ba wani abu ba ne, ƙa'ida ce, ka rubuta su kwafa." Na nuna masa hanyar da ya biyo. Ana cewa na cika faɗa, kuma ban musa ba. Amma ku da kuke ganin alli ba shi da nauyi, ku tsaya ku ji inda faɗan ya samo asali.

A Nguru na koyi wannan sana'a, a hannun Malam Kyari, wani dogon Babarbare da ya yi akawu a tashar jirgin ƙasa. Da harkar jirgi ta ja baya sai ya buɗe lesin a zauren gidansa, bayan la'asar zuwa magariba. Ɗalibansa ba yara ba ne. Dillalan shanu ne masu bin kaya zuwa Kudu, da masinjojin ofis da ke neman ƙarin girma, da waɗanda jarrabawar Turanci ta kammala sakandare ta tsayar, takardunsu na kwance a akwati ba su da amfani. Mutane ne masu gemu da iyali, sun ajiye kunya sun zauna a benci.

Aikina na farko shi ne allo. Faifan katako ne, ana fasa tsohon batir a ƙwaƙulo baƙin cikinsa, a kwaɓa da ruwan ƙaro, a goga da tsumma a shanya. In ƙaron ya yi yawa allon ya yi santsi, alli ya ƙi kamawa. In ya yi kaɗan, duk wanda ya jingina ya tafi gida da baƙar riga. Sai da na ɓata allon nan har Malam Kyari ya gaji da kallona kafin hannuna ya faɗa.

Na ɗauka daga allo sai alli. Ina! Sai ya mai da ni ɗan aike. "Habu, an yi wa Modu dillali rasuwa, je ka yi gaisuwa." "Habu, an kwantar da matar wane, je ka duba." In na dawo sai ya zaunar da ni. Wa ya rasu? Me ya same shi? An kai shi asibiti ko a gida ya cika? Akwai gardama a gidan a kan haka? Rannan na hasala na ce na zo koyon koyarwa ne, an mai da ni ɗan zaman makoki. Ya dube ni ta saman tabarau ya yi mini sannu irin ta Barebari, ya ce, "Wushe da ƙoƙari, Habu. Wanda bai san gidan ɗalibinsa ba, kada ya kuskura ya ba shi jimla."

A kusurwar zauren akwai wani tulu mai fasasshen baki, da tsaga har zuwa ciki. Ba ya riƙe ruwa, amma ba mai taɓa shi, har sharar ma kewaye shi ake yi. Ban san amfaninsa ba sai da muka iso darasin kalmar nan ta would.

Ga yadda Malam Kyari yake bi da ita. Yakan ce kalma ɗaya ce amma aiki uku take yi, kuma ba a haɗa su rana ɗaya. Na farko ladabi. Wannan dillalai suka fi so. Modu dillali ya saba in ya je Kudu ya daka wa mai sayen shanu tsawa da "Give me," mutum ya ɗauka faɗa ake. Da ya iya cewa "Would you add something?" sai ya dawo yana ba da labari wai har kujera aka ba shi. Daga ranar ko ruwan alwala zai roƙa a masallaci sai ya fara da would, har sunan ya bi shi.

Na biyu buri, wato abin da mutum zai yi da a ce yana da hali. A nan dokar ita ce kowa ya kawo jimla daga rayuwarsa. Ba a yarda da zuwa Landan ba, ba a yarda da dusar ƙanƙara mai zuba daga sama ba, don ba wanda ya taɓa ganinta a Nguru. Mutumin fadama ya ce, "If I had a pump, I would plant onions," wato da ina da injin ban-ruwa da na shuka albasa. Wannan ba ya mantawa da ita har abada, domin da albasar yake kwana a ransa. Ku kuwa sai ku tsayar da mutumin Yusufari da ko kwalta bai cika gani ba, ku ce ya faɗi abin da zai yi da a ce shi matuƙin jirgin ruwa ne. In ya yi shiru ku ce ba ya ja.

Na uku shi ne mai haɗarin, wato maganar abin da ya riga ya wuce: da an yi kaza, da kaza bai faru ba. Jarrabawa tana tambayarsa, ba yadda za a yi a tsallake. Amma ku dubi mutanen da ke zaune a gabanku. Tun suna goye ake koya musu cewa abin da Allah ya ƙaddara ba a bin sa da "da", malamai suna ce musu ƙofar Shaiɗan ce. Kuma kowane benci akwai wanda yake ɗauke da wata "da" da ya danne da ƙyar. Ka tsaya a gaban allo ka ce kowa ya kawo tasa, fami kawai za ka yi.

Ranar wannan darasi sai Malam Kyari ya sa in ɗauko tulun in ajiye a gaban aji. Ya ce, "Jama'a, maganar yau ta tulu ce. Abin da ya shafi rai, haka Allah ya so, mun yi shiru." Sannan ya ba da labarin wata Talatu da ba a taɓa haifa ba, wadda ta fasa shi a hanyar rijiya. Ya rubuta, "If Talatu had held the pot well, it would not have broken," da Talatu ta riƙe tulun da kyau da bai fashe ba. Sai aji ya ɗauka. Da jaki bai yi harbi ba. Da gammon bai zame ba. Da ba ta tsaya kallon saurayi ba. Dattawa suna dariya har da hawaye, suna sauke wa Talatu laifi iri-iri, kowa ya fita ya iya ginin jimlar, kuma ba a taɓa gawar kowa ba. Duk da-na-sanin zauren nan a kan tulun ake sauke shi.

Da na tashi komawa garinmu Gashua in buɗe nawa, tulun nan Malam Kyari ya ba ni. Ya ce shi zai samu wani, fasasshen tulu ba ya wuyar samu a gidan da ke da yara. A kan cinya na riƙe shi cikin mota, fasinjoji suna ta tsiya, wata tsohuwa har tana tambaya ko na asiri ne. Na kafa allo a wani zaure kusa da kasuwa, na ajiye tulun a kusurwa. Na yi shekaru ina koyar da ma'aikatan asibiti, da masunta, da matan aure, da 'yan sandan da aka turo, ban taɓa samun wanda ya fita daga darasin nan da kuka ba.

Sai muguwar shekara ta zo. Kogi ya cika ya shiga gari, ya cinye gonakin fadama, gidajen ƙasa suka zube. Ga kuma ciwon ƙodar nan da ya addabi ƙasarmu, a shekarar sai ka ce an buɗe masa ƙofa. Ka ga magidanci ƙaƙƙarfa yau, a kwana biyu ƙafa ta kumbura, kafin ka ankara ana sanarwa a masallaci. Bencina suka zama wayam, waɗanda suka rage kuma rabinsu daga zaman makoki suke zuwa. A shekarar na fi yawan zirga-zirgar gaisuwa a kan tsayuwa gaban allo.

A cikin wannan hali aka kawo mini Hadiza. Surukinta ne ya kawo ta da kansa, Malam Saleh, wani malamin tsangaya daga Katuzu, dattijo mai magana a hankali. Mijinta Musa, wato ɗansa, ciwon ƙoda ne ya ɗauke shi, kuma ba ta daɗe da fita takaba ba. Shara take yi a ɗakin shan maganin garinsu. Takardunta sun cika sai Turanci, in ta same shi za ta shiga makarantar ungozoma, ta riƙe marayunta, garinsu kuma ya samu mai karɓar haihuwa. Dangi ba su so ba, suna cewa me ya kai bazawara zaman benci a birni. Malam Saleh ne ya tsaya mata.

Ya ce, "Malam Habu, amana na kawo maka. Yarinyar nan da ƙyar muka dawo da hankalinta."

Na riga na san dalili, don na je gaisuwar Musa. Da ƙafarsa ta fara kumbura, 'yan'uwa sun ce a wuce da shi Kano. Ita ce ta ce a ɗan jira a tsinke tattasai, a samu abin tafiya. Kafin a tsinke, ciwon ya yi nisa. Ba wanda ya ɗora mata, ita ta ɗora wa kanta, ta daina cin abinci. Malam Saleh ya yi ta zama da ita yana nuna mata cewa kwana ne ya ƙare, ko a Makka aka kai shi ba zai ƙara numfashi ɗaya ba, har ta fara saki.

Ban taɓa samun ɗaliba mai ja kamarta ba. Tun daga Katuzu take hawo babur, ta iso da taɓo a gefen hijabi, ta zauna a ƙarshen bencin mata. Ranar darasin buri cewa ta yi da ita ungozoma ce da ba macen da za a sake ɗorawa a akori-kura tana naƙuda. Na san wannan za ta ci jarrabawa, ba ko tantama.

A shekarar ne na ɗauki Nura, saboda idona ya fara gajiya da duba rubutu. Ya gama jami'a, ya gama bautar ƙasa, Turanci a bakinsa kamar rediyo. Na tura shi gaisuwa gidajen ɗalibai, ya ce shi ba ya son shiga harkar mutane. Na nuna masa tulu, ya yi dariya ya ce wannan ai tsohon yayi ne. Na bar shi a kan duba aikin gida, ban ba shi alli ba.

Muna gab da darasin would na uku aka bugo mini cewa Malam Kyari ya rasu. Dole in tafi Nguru, dole kuma in zauna har sadakar uku, don shi ubana ne a sana'a. Jarrabawa ta matso, ba a rufe aji. Na kira Nura na tsayar da shi a gaban tulun. Na ce, "In ka iso darasin nan, da wannan za ka yi. Kada ka ambaci asibiti, kada ka ambaci mutuwa, kada ka ambaci ambaliya. Akwai wadda ta fito takaba a cikinsu." Ya ce, "To, Baba, ba damuwa," babban yatsansa yana kan waya. Kada wani ya ce ban faɗa masa ba. Na faɗa, maganar ce ta bi ta bayan kunnensa.

Ranar da na dawo, tun daga bakin zaure na ga ɓaraguzan tulu a kan juji. Na shiga, kusurwa wayam, an ajiye fanka a wurin. A kan allo ga jimla da manyan baƙaƙe ba a ko goge ba: "If we had taken him to hospital early, he would not have died." Da mun kai shi asibiti da wuri, da bai mutu ba. Na duba ƙarshen bencin mata, babu kowa.

Wani dattijon masinja mai zama a baya ne ya ba ni labari, kansa a ƙasa. Nura ya fitar da tulun ya ce yana tara sauro, yara suka jefe shi. Ya buɗe waya ya kwafo rabin jimlar, ya ce a cika. Aji ya yi tsit, domin duk sun san Musa. Shi kuma ya ɗauka rashin sani ne, sai ya nemi wadda ta fi kowa ƙoƙari. Ya nuna Hadiza ya ce ta tashi. Ta tashi. Ta cika jimlar daidai, ba kuskure ko ɗaya. Ya ce, "Excellent! A tafa mata." Ba wanda ya motsa. Ya ce, "Ba ku ji ba ne? A tafa mata!" Mutanenmu ba su iya ƙin umarnin malami ba. Suka tafa.

Wallahi tun da nake ban taɓa jin fushi irin na ranar ba. Na kira Nura gaban allon. Ya ce, "Baba, amma ta amsa daidai fa. Kuma misalin nan duk duniya da shi ake koyarwa." Na ce duk duniya ce ke zaune a bencin nan ko matar Musa? Na ce ka tsayar da mace a gaban mutane, ka sa ta faɗi da bakinta cewa ita ta kashe mijinta, sannan ka sa a yi mata tafi. Ya ce shi bai san mijinta ya rasu ba. Na ce da na aike ka gaisuwa me ka ce mini? Da na ce akwai wadda ta fito takaba, kunnen wa nake gaya wa? Na karɓe allin daga hannunsa, na ce kada in sake ganin inuwarsa a zaurena.

Washegari na hau babur zuwa Katuzu, hanya duk taɓo, muna sauka muna turawa. Na tarar da Malam Saleh a ƙarƙashin rumfa. Ya ba ni tabarma, ya sa aka kawo ruwa, muka gaisa, ya yi mini ta'aziyyar malamina. Da ya ɗaga murya da na samu sauƙi, amma bai ɗaga ba.

Ya ce, "Malam Habu, mun daɗe muna ɗinke yarinyar nan, kun farke ta a yammaci ɗaya. Ta dawo ta daina cin abinci. Kalmar da muka hana ta da Hausa, kun ba ta ita da Turanci, har da tafi."

Na ba shi haƙuri. Na ce na kori yaron, ni da kaina zan zauna da ita, in ma zuwa Gashua ne ba ta so zan riƙa zuwa Katuzu har a yi jarrabawa. Malam Saleh ya ce, "Ni ban hana ta ba. Dangi sun ce ga abin da suka guda, na ce su yi shiru. In ta yarda, gobe ma ta koma." Ya aika aka kira ta.

Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta rame har sai da na kau da kai. Na yi mata duk maganar da na iya. Na tuna mata marayunta, na tuna mata matan da ake ɗorawa a akori-kura. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Baba Malam, ka yafe ni. In na buɗe littafin, jimlar nan nake gani. In na rufe, tafin nake ji. Duk abin da ka koya mini ya gudu, ita kaɗai ta zauna, kuma na iya ta sosai."

Na koma, na sake komawa. Na tura mata matan ajin suka je suka yini. Ranar jarrabawa na tsaya a bakin ƙofar makarantar har aka rufe, ko za ta sauko daga wani babur. Ba ta zo ba. Har yau shara take yi a ɗakin shan maganin, in mun haɗu ta durƙusa ta gaishe ni da Hausa, ni ma in amsa da Hausa.

To kun ji abin da ya sa duk wanda ya zo neman aji a wurina nake fara tura shi gidan rasuwa. Wanda ya ce shi ba ya shiga harkar mutane, ya je ya koyar da wayarsa. Ƙa'idar would ba ta wuce rabin allo ba, ɗan sakandare ma zai haddace ta kafin shayi ya huce. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin wanda za ka nuna da yatsa ka ce ya tashi, da abin da za ka sa a bakinsa. Na sayi wani tulu a kasuwa na fasa masa baki da dutse, yana nan a kusurwa, amma ba na Malam Kyari ba ne.

Nura ya samu aiki a wata makarantar kuɗi, ina jin har yabonsa ake. Bara ya zo, bayan wani ya ba shi labarin tattasai da Kano da komai. Ya yi sallama ya tsuguna a bakin zaure, hula a hannu, ido ya yi ja. Ya ce, "Baba, wallahi da na sani..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na nuna masa kusurwa na ce, "Ga tulu can. Je ka gaya masa."